Ba a Biya Ba

A watan Maris aka sauke Alhaji Zainulabidin Kamalu daga muƙamin ma'ajin masallacin unguwarsu a Malumfashi, bisa zargin yana danne albashin mata. Ranar da aka sauke shi babu macen da ke binsa ko kwabo. Ya san haka, matan ma sun sani. Amma da aka ba shi dama ya kare kansa, sai ya ce, "Sai haƙuri," ya ajiye makullin akwati ya fita.

Alhaji Zainulabidin shi ne manajan wani kamfanin irin shuka da ke bakin hanyar Funtua, wanda mutanen gari ke kira Gidan Iri. Kamfanin yana sayen masara da waken soya daga manoman Kafur da Bakori, ya gyara, ya ɗura a leda, ya sayar wa dillalai kafin damina. Yawancin ma'aikatan mata ne, aikinsu tsince ƙwayar da ta lalace. Shugabarsu ita ce Hajo, uwar 'ya'ya huɗu, wadda rufin ɗakinta ya daɗe yana yoyo. Duk damina sai ta jera robobi a kan gado. Burinta ɗaya, ta sauya kwano kafin ruwan bana.

Gidan Iri ya yi suna wajen biyan albashi ranar ashirin da biyar ga wata, ko da ta faɗo Lahadi. Manaja yana alfahari da haka, yakan faɗe shi a wurin ɗaurin aure ba tare da an tambaye shi ba. Saboda haka kowa a garin ya haddace ranar. Kafin azahar wayoyin mata za su fara ƙara ɗaya bayan ɗaya a rumfar tsince iri, alamar alat ya shigo. Kafin la'asar inuwar dalbejiyar da ke ƙofar kamfanin ta cika da yayye da surukai da masu tallar anko. Mai POS ma nan yake kafa lemarsa.

Hajo tana da baƙi biyu da ba sa fashi. Akwai Gwaggo Nana, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama. Gwaggo ba ta roƙo, labari take bayarwa: wane yana asibiti, wance ta haihu, kuma 'yan biyu ne. Akwai yayanta Aƙilu, wanda babur ɗinsa ke lalacewa duk ranar ashirin da huɗu. Bayan su sai ƙawayen biki. Ƙa'idar biki ita ce in ƙawa ta kawo miki gudummawa, ke ki ninka mata a nata. Mai albashi kuwa ana sa ran ta ninka, ta ɗora turmin atamfa. Mijinta Malam Mudi manomi ne, yana ciyar da gida, ba ya taɓa albashinta. Abin da ya rage masa taki ke cinyewa, shi ya sa Hajo ta ce kwano nata ne.

A watan Janairu hedikwatar kamfanin ta aiko da jami'ar walwalar ma'aikata, Bushra Ubaidullahi, ta gudanar da bita mai suna Shirin Lafiyar Aljihu. An yi bitar a rumfar tsince iri, mata na zaune a kan buhuna. Rahab Adam, abokiyar aikin Hajo, ita ta fara ɗaga hannu.

"Hajiya, kafin a yi nisa. Zanenmu ba shi da aljihu."

Bushra ta yi dariya ta ci gaba. Ta bayyana yadda ake kasa albashi gida uku: na buƙata, na sha'awa, na ajiya. Bayanin a tsare yake, matan kuma suka saurara da ladabi.

"Na Gwaggo fa?" in ji Hajo. "A wane kashi yake?"

"Gwaggo buƙata ce ko sha'awa?" Bushra ta tambaya.

"Wajibi ce."

Ana cikin haka wayar Bushra ta yi ƙara. Ta duba sunan, ta kife wayar a kan tebur. Ta sake yin ƙara, ta sake kifewa. Matan suka dubi juna.

"Hajiya, ku yaushe ake biyanku?" Rahab ta tambaya.

Bushra ta dubi wayar. "Yau."

Rumfar ta kaure da shewa. Da aka lafa, Bushra ta rufe kwamfutarta, ta jawo buhu ta zauna a cikinsu. Ta faɗa musu gaskiya cewa ba a ba ta ikon ƙara albashi ba, amma in akwai wani abu da kamfani zai iya yi ban da wannan, su faɗa.

"Ku daina biyanmu," in ji Hajo.

"Ban gane ba."

"A kan lokaci nake nufi. Ranar ce ke kashe mu. Da ba a san ranar ba, da tuni na yi rufi."

"To me zai hana ku ce ba a biya ba?"

"Gwaggo za ta ce in rantse. Ni kuwa ba zan rantse a kan ƙarya saboda kwano ba."

"Ni surukata ba ta sa rantsuwa," in ji Rahab. "Waya take karɓa ta duba da kanta. Ta yi firamare, kuma ba abin da ta manta."

Bushra ce ta tsara yadda za a yi. Albashin kowane wata zai riƙa fita a farkon watan da ke bi masa, a ranar da manaja kaɗai ya zaɓa, ya shiga wani asusu na daban da ba ya aiko da alat. Ta haka duk wadda ta ce ba a biya ba, gaskiya ta faɗa. A rahotonta na hedikwata ta kira abin tsarin biya mai sassauci. Saura abu ɗaya. Mutanen ƙarƙashin dalbejiya ba za su yarda da bakin matan ba, sai sun ji daga bakin manaja.

Manaja ya ƙi.

"Ni zan tsaya a ƙofa in ce ban biya ba? Kun san wuyar da na sha kafin in yi wannan suna?"

"Ranka ya daɗe, sunan naka ne ke cinye mu," in ji Hajo.

"Me mutane za su ce?"

"Za su ce sai haƙuri, su tafi gida. Abin da muke nema ke nan."

Ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Ya kira hedikwata, aka ce masa rahoton Bushra ya burge manya. Washegari ya amince. Matan suka sa ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba sai da izininsu, musamman matarsa, wadda ƙawar bikin rabinsu ce.

Ranar ashirin da biyar ga Janairu ya fito ƙofa bayan la'asar, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, sai haƙuri. Ba a biya ba."

Ba wanda ya motsa.

"Ba a biya ba kamar yaya?" in ji Aƙilu. "Alhaji, yau fa ashirin da biyar. Na baro babur a wurin bakanike."

"Na sani. Ba a biya ba."

Ya juya ya shige da sauri, har ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Matan da ke leƙe ta taga suka yanke hukuncin cewa ya yi ƙoƙari, amma fuskarsa ta cika sheƙi. Gwaggo Nana ta ja Hajo gefe ta ce ta rantse. Hajo ta rantse hankali kwance. Washegari Gwaggo ta aiko mata da tiyar gero da saƙon jaje. Shi ne abu na farko da ya fito daga gidan Gwaggo zuwa gidan Hajo tun da ta kama aiki.

Kuɗin ya shigo a farkon Fabrairu, shiru, ba ƙara. Hajo ta sayi katako da ƙusa, ta bar su a shagon kafinta don kada maƙwabta su gani. Da na watan gaba ya shigo, ta shiga mota zuwa Funtua ta biya rabin kuɗin kwano a wani shago da ba a san ta ba. Na Maris ya tafi a makarantar yara da kuɗin aikin kafinta. Rahab ta biya wa 'yarta Judith kuɗin jarrabawa, wata ta sayi tunkiya ta kai kiwo gidan ƙawarta a Matazu. In aka tambaye su ko an biya, amsar ɗaya ce: "Na wannan watan? Ba a biya ba." Malam Mudi ya auna maganar ya ce ba ƙarya ba ce, amma kada Hajo ta yi ta a gaban liman.

Manaja kuwa sai ƙwarewa yake yi. A Fabrairu ya ƙara ajiyar zuciya. A Maris ya cire hula, ya dubi sama, sannan ya yi magana. Taron ƙarƙashin dalbejiya ya ragu, mai POS ya naɗe lemarsa ya koma tasha. Amma labarin ya shiga gari. Mahauci ya daina ware masa tsoka mai kyau. Matarsa ta tambaye shi ko ya shiga wani ciniki ne da ba ta sani ba. Sai kuma aka sauke shi daga ma'aji. Ya jure duka, har ya gaya wa Hajo cewa ya fara jin wani irin lada a cikin abin.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne dillalai. Afrilu ne watan cinikin iri, lokacin da motoci ke yin layi a Gidan Iri. A bana ba su zo ba. Wani babban dillali a kasuwar Funtua, Alhaji Awaisu Mai Iri, ya faɗi abin da sauran ke tunani: "Kamfanin da ya kasa biyan masu tsince iri, wa ya tsince masa irin?" Dillalan da suka karɓi kaya bara ba su gama biya ba suka ɗan jinkirta, su ga ko kamfanin zai mutu su huta. A dokar hedikwata kuwa, kowane reshe daga cinikinsa yake biyan albashi.

Ranar ashirin da biyar ga Afrilu manaja ya fito ƙofa. Mutum uku kacal ya tarar. Ya ce, "Sai haƙuri, ba a biya ba," zufa na zuba ta ƙarƙashin hula. Matan da ke taga suka jinjina kai.

"Yau har da zufa," in ji Rahab. "Wannan mutum a talabijin ya kamata ya yi aiki."

A wurin Hajo wannan magana ma'anarta ɗaya ce: kuɗi na hanya. Kafinta ya riga ya gaya mata cewa in ba a fara yanzu ba, yana da wani aiki a Bakori. Da yamma ta ce masa ya zo. Washegari ya yaye rufin, ya kafa sabon katako. Tsohon kwanon ta sayar wa 'yan gwangwan, suka ɗaure shi a kura suka tafi. Ita da yaran suka koma rumfar tsakar gida, kayan ɗaki aka lulluɓe su da tabarmi.

A farkon Mayu manaja ya shigo rumfar tsince iri, ya ce a dakata da aiki.

"Ina da magana. Babu kuɗin albashi."

"To, ranka ya daɗe," suka amsa gaba ɗaya, suna murmushi.

"Da gaske nake. Ba a yi ciniki ba."

"Mun ji, mun ji," in ji Rahab, tana nuna masa taga da ido, inda maigadi ke tsaye yana shan rake. "Sai haƙuri."

"Maman Judith, ba don maigadi nake yi ba. Wallahi babu ko kwabo."

"A'a, Manaja," in ji Hajo. "Ban da rantsuwa. Ba mu yi haka da kai ba."

Ya dube su. Ya fita. Wata ta tafa masa a hankali.

Rantsuwar ce ta tsaya wa Hajo a rai. Bayan azahar ta bi shi ofis, ta rufe ƙofa, ta saki labule.

"Ranka ya daɗe, yanzu daga ni sai kai. Yaushe zai shigo?"

"Hajo, ba a biya ba."

"Na sani. Yaushe za a biya?"

"Ba irin wannan ba a biya ba nake nufi ba. Ɗayan."

"Wane ɗayan?"

"Na sauran wuraren aiki."

Ya kai ta sito ya buɗe. Ledojin iri a jere har sama, waɗanda su da kansu suka tsince, ko ɗaya bai fita ba. Hajo ta daɗe tana kallo.

"Na yaye ɗakina," in ji ta.

"Wa ya ce ki yaye?"

"Kai. Ka ce ba a biya ba."

Ya ce hanya ɗaya ya gani. A fito a gaya wa dillalai cewa kamfanin bai taɓa fashin albashi ba, shiri ne. Shi ba zai iya ba, saboda ya yi alkawari, kuma ko ya faɗa ba wanda zai yarda da mutumin da aka karɓe wa makullin masallaci. Sai dai matan su faɗa da bakinsu.

Hajo ta tara su. Wannan karon sun yarda, domin ita ba ta iya wasan kwaikwayo ba. Suka kira Bushra a waya. Bushra ta ce ta rubuta wa manya kan a tallafa wa reshen, an ce za a duba. Ta ƙara da cewa an ba ta takardar yabo kan shirin, kuma ana shirin faɗaɗa shi zuwa sauran rassa. Ta ce ta roƙe su su dakata.

Aka yi gardama mai zafi.

"Yaya Hajo, kin san abin da kike faɗa?" in ji Rahab. "Surukata ta kawo mini manja sau biyu saboda tausayi. In ta ji, manjan ma sai na biya."

"Ni gero na ci."

"To mu yi shiru mana. Damina na zuwa, dole manoma su nemi iri."

"Damina na zuwa, Maman Judith. Ɗakina a buɗe yake."

Mai tunkiya ta ce ita dai kada a ambaci tunkiya. Wata ta ba da shawarar a gaya wa dillalai kawai, a roƙe su su riƙe sirri. Aka yi mata dariya, domin dillalan iri a shago ɗaya suke shan shayi da rabin mazan Malumfashi. A ƙarshe suka amince, bisa sharaɗin Hajo ce za ta yi magana. Rahab ta ce za ta raka ta, don in za a yi jifa a raba.

Ranar kasuwa suka shiga motar Funtua, suka nufi layin masu iri da taki. Hajo ta gaida Alhaji Awaisu Mai Iri, ta gabatar da kanta. Sauran dillalai suka matso.

"Alhaji, mun zo mu gyara wata magana ne. Gidan Iri bai taɓa hana mu albashi ba. Janairu, Fabrairu, Maris, duk an biya mu. Mu muka roƙi Manaja ya riƙa cewa ba a biya ba."

"Ku kuka roƙe shi?"

"Mu."

"Ya ce bai biya ku ba, alhali ya biya ku?"

"Haka ne."

Alhaji Awaisu ya dubi sauran, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Allah sarki. Ya hana ku haƙƙinku, kuma ya turo ku ku wanke shi. Shi ya ba ku kuɗin mota?"

"Da kuɗinmu muka zo."

"Ko kuɗin motar ma bai bayar ba," Alhaji ya faɗa wa jama'a.

"Alhaji, in kana so in rantse, zan rantse."

"Rantse mini a kan abu ɗaya. Na Afrilu, an biya?"

Hajo ta dubi Rahab. Rahab ta dubi ƙasa.

"Na Afrilu ba a biya ba."

"To."

"Amma wannan daban ne."

"Kullum daban ne, Hajiya." Ya sa aka kawo musu ruwan leda mai sanyi, ya ce in kamfanin ya rufe su zo, yana neman masu ɗura taki.

Sun biya ta shagon kwano. Mai shagon ya nuna wa Hajo kayanta a jingine, ya ce suna nan lafiya, ranar da ta cika kuɗi ta zo da mota.

Dillalai ba su yarda da labarin ba, amma dangi sun yarda nan take, ba su nemi rantsuwa ba. Kafin motar su Hajo ta iso Malumfashi maganar ta riga su. Surukar Rahab tana jiran ta a tasha. Hajo ta iske babur ɗin Aƙilu a ƙofar gida, an turo shi da hannu. Gwaggo Nana tana zaune a kan tabarma a tsakiyar ɗakin da ba rufi, riƙe da lema saboda rana.

"Sannu da hanya, mai albashi."

"Gwaggo, ban yi miki ƙarya ba."

"Na sani. Ni na koya miki rantsuwa, ban san kin wuce ni ba." Ta gyara zama. "Tun Janairu an yi haihuwa huɗu a dangi, na ce musu ba ki da hali. Yanzu me zan ce musu?"

"Ki ce ba a biya ba."

"Wannan na ji shi."

Malam Mudi ya ari tamfol daga wurin masu sussukar masara ya ɗaura a kan katakon. Ya rufe rabin ɗakin. Kafinta ya tafi Bakori. Dillalai biyu daga Kafur sun zo Gidan Iri sun duba kaya, suka ce za su yi shawara. Hedikwata ta ce takardar Bushra tana kan teburin wanda ya dace. Ranar Laraba an yi ruwa a Kafur har manoma sun fita shuka, jiya kuma hadari ya haɗu a gabashin Malumfashi, iska ta watsa shi. Albashin Afrilu bai shigo ba.